Gurasar da Ba a Kifewa

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya yi wa ruwa iyaka, ya san kwanakin kowane mai rai, nake buɗe wannan labari. Ni ce Liyatu mutuniyar Yalmu, matar marigayi Barnaba maɗinki. Ban yi makaranta ba, ba kuma jinin malamai ba ce ni. Amma na ƙetare Filin Gishiri sau biyu, na tsaya gaban bishof saba'in da gurasa a hannuna, abin da zan faɗa muku kuwa idona ne ya gani. Wanda ya gaji ya jingina, mai goyo ta gyara zama, don hanyar tana da nisa.

Yalmu gari ne a kan tudu, a tsakiyar Filin Gishiri. Wata tara filin a bushe yake, fari fat, sai ka runtse ido kake iya dubansa. Wata uku kuma ruwa ne. Ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, mai ɗaci, ya rufe komai har gindin ganuwa, ya shanye tsayin mutum biyu. Alamarsa ɗaya ce: ranar da jajayen tsuntsaye suka tashi suka yi gabas, a ƙirga kwana arba'in. Dokar garinmu kuwa tun kakanni, ba mai zama cikin ganuwa sai mai baftisma. Fatake baƙi a waje suke sauka, sun kuma san lokacin da za su kama gabansu.

Shekara ashirin kafin wannan tafiya, rijiyoyinmu suka ƙafe. Firist ɗinmu, wato limamin majami'armu, ya bi maza neman ruwa, bai dawo ba. A cikin wannan hali na haifi 'yar farina. Kwananta huɗu ta daina kuka, leɓunanta suka yi baƙi. Na leƙa tulu, ko laima babu. Sai na ɗebi rairayi mai laushi a bakin ƙofa, na zuba mata a ka sau uku, da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki, na kira sunanta. Ranar ce sunan ya fara fita daga bakina, don a wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Yarinyar ba ta mutu ba. Da mata suka ga haka, duk wadda jaririnta ya galabaita sai ta aiko a kira ni. Kafin ruwa ya dawo rijiya, na zuba wa yara arba'in da ɗaya rairayi.

Bayan an samu ruwa aka kawo mana wani firist. Sau nawa na yi niyyar in je in gaya masa, sai in kai ƙofarsa in juyo. Tsoro nake ji kada ya ce abin da na yi bai yi ba. Haka na yi shiru, gari ma ya yi shiru, yaran suka girma suka yi aure, ana ce musu 'ya'yan rairayi cikin wasa.

Sai wannan firist ya rasu, aka turo mana Malam Tadiyos, matashi mai tsoron Allah da tsoron kuskure, ban san wanne ya fi yawa a cikinsa ba. Ya ji wasan da ake yi, ya tambayi asalinsa, ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Rana ta huɗu ya ce a fitar da su bayan ganuwa. Masu ƙarfi suka bi fatake suka tafi. Amma masu ciki da masu goyo da wani gurgu, su goma sha uku, ba za su iya tafiyar kwana goma sha biyu a kan gishiri ba. Suka kafa bukkoki a gindin ganuwa. 'Yata tana cikinsu, cikinta wata bakwai.

Na same shi a ƙofar majami'a, na durƙusa.

"Malam, in rairayi bai yi ba, ga rijiya nan cike. Ka yi musu da ruwa mana."

Ya ce, "Inna Liyatu, in rairayin ya karɓu a wurin Allah na sake yi musu, na yi baftisma biyu, babban zunubi ne. In bai karɓu ba na bar su a ciki, na karya dokar gari. Wanne kike so in ɗauka?"

"Ɗauki ɗaya, Malam. Kowanne."

Ya ce, "Ba ni da wannan iko. Majalisa ta Bakwai, ta bishof-bishof, tana zaune yanzu a birnin Tasmira. Tsofaffi sun ce Majalisa ta Uku ta taɓa yanke hukunci a kan irin wannan, amma littafin ya ƙone. A kawo mini hukunci da hatimi, na dā ko na yanzu, ni da hannuna zan buɗe ƙofa."

Bai rufe baki ba muka ji ƙarar fukafukai. Muka ɗaga kai. Sama ta yi ja, tsuntsayen sun yi gabas.

Abu ɗaya nake da shi wanda sauran matan Yalmu ba su da shi, ban kuma taɓa ɗaukarsa komai ba. A majami'armu mata a bayan labule suke tsayawa. Labulen an yi masa ɗinkin Zabura da zaren alharini, fuskarsa tana kallon maza, mu bayansa muke gani. Shekara da shekaru ina jin abin da ake rerawa, ina bin zaren da ido, har na gane wannan lanƙwasa ita ce wannan sauti. Da haka na iya karatu. Sai dai karatun bayan labule ne, komai a juye. In ka ba ni littafi yadda mutane suke riƙe shi, sai in yi ta inda-inda kamar yaron da aka tashe daga barci.

Na sami igiya na ƙulla mata ƙulli arba'in, na ɗaura a ƙugu. Na biya ta bukkar 'yata.

Ta dube ni ta yi dariya. "Inna, ke da ko kasuwa ba kya zuwa sai da rakiya, ke ce za ki Tasmira?"

Na ce, "Ke dai ki riƙa ɗora ƙafa a kan turmi, sun kumbura."

Ta kama gefen zanena, dariyar ta tafi. "In kin ga ba zai yiwu ba, Inna, kada ki dawo ki kalla."

Na bi ayarin ƙarshe na fatake, ina tafiya a bayan raƙuma, kowace safiya in kwance ƙulli ɗaya.

Rana ta shida muka iske abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ayari ne guda a tsaye a tsakiyar fili, raƙuma da mutane, duka farare. Madugu ya ce waɗanda ruwa ya riska ne tun zamanin kakansa, gishiri ya lulluɓe su yadda suke, duk fuskarsu tana kallon Yalmu, don can suka nufa. Fatake suna sauka su gaishe su. Ni kuwa idona ya faɗa kan wata mace a ƙarshen layi, ta ɗaga jaririnta sama da hannu biyu, iyakar tsawon hannunta. Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Muka fita daga gishiri, na rabu da fatake, na isa Kogin Sandara. Gada ɗaya ce, da gari a kowane bakinta. Tun Majalisa ta Biyar garuruwan biyu suka saɓa a kan lissafin Idin Tashin Almasihu, na wannan gefen suna gaba da mako guda. Na iso a mugun lokaci: nan ana idi, can ana azumi. Na nan sukan miƙa wa matafiyi nama, in ya ƙi ci ya raina idinsu, su tsare shi kwana bakwai ya yi biki dole. Na can kuma sukan shinshina bakinsa, in sun ji nama su tsare shi kwana bakwai ya tuba. Ni kuwa ba ni da kwana bakwai na bayarwa.

Wani tsohon mai gadi ya miƙo mini faifan kilishi. "Ci, baiwar Allah. Almasihu ya tashi."

"Ya tashi, Baba." Na karɓa da hannu biyu, na ƙulle a gefen zane.

"A'a, a baki ake sawa."

Na ce, "Baba, na baro 'yata da tsohon ciki a bayan ganuwa, tana cin gari da ruwa. Kai ka taɓa ganin uwar da nama zai wuce mata wuya a haka?"

Sai ya ƙara mini wani yanki, ya matsa gefe.

A ɗaya bakin wani saurayin mai gadi ya shinshina bakina bai ji komai ba, amma hancinsa ya kai shi ga zanena. "Wannan fa? A mako mai tsarki?"

"Na mai ciki ne. Ko ku a nan har masu ciki kuke sa wa azumi?"

Ya dubi furfurata, ya dubi cikina. "Ke?"

"Kai ɗan nan, ka ji kunya! 'Yata."

Abokansa suka fashe da dariya, suna ce masa ya je ya yi barka. Kafin ya gama jin kunyar na yi nisa.

Na shiga Tasmira da ƙulli ashirin da huɗu. Goma sha shida na komawa ne, ba a taɓa su. Birni ne na jan tubali tun daga ganuwa har makwancin kaji, da hayaƙi guda da yake tashi daga tsakiyarsa ba dare ba rana. Na je babbar majami'a inda majalisa take zama. A ƙofa akwai magatakarda mai suna Sila, siriri, da tawada a leɓe. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "Inna, ƙararki ita ce ta ɗari biyu da shida. Yau kwana tara ana kan maganar ko ya halatta firist ya yi kiwon shahon farauta."

"Shaho?"

"Shaho. Bayansa akwai maganar wanda zai zauna a dama da wa. Ki dawo bayan wata biyu."

"Hukuncin Majalisa ta Uku fa?"

"Duk wanda ya zo sai ya ce Majalisa ta Uku ta ce. Babu wanda ya taɓa ganin abin da ta ce."

Kwana biyar ina zaune a wannan ƙofa. Kowane bishof ya zo wucewa in durƙusa, ya sa mini albarka, ya wuce. Da safiya ta shida guzurina ya ƙare, kilishin kuwa ban taɓa ba. Na bi hayaƙin nan har na iso gidan gurasa.

Tanderu ne guda a cikin ƙasa, girmansa ya kai rumbu uku, mata goma sha biyu suna kewaye da bakinsa da dogayen sanduna, suna manna ƙullu a bangon ciki, suna ƙugiyo gurasar da ta gasu. Shugabarsu Yuwana ce, ƙatuwar mace, hannayenta duk tabon wuta. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Wannan yunwa ce ta zo da ƙafarta," ta ɗora mini gurasa mai zafi a faifai. Ni kuwa na yi abin da kowace mace take yi a garinmu: na juya ta in ga ko ta ƙone.

Ban ankara ba na ji duka a hannu. Gurasar ta koma yadda take, Yuwana ta rufe ta da jikinta tana waige-waige.

"Ke baƙauya, kina so a fitar da ke daga gari kafin rana ta faɗi? A Tasmira ake kife gurasa?"

"Yaya, ban sani ba."

"To ki sani." Ta ja ni bayan buhunan alkama, ta zaunar da ni. "Kakanninmu maginan tubali ne. Da aka yi Majalisa ta Fari a ƙarƙashin wata tsamiya, ba takarda, sai suka rubuta hukuncin a ɗanyen tubali, suka gasa, suka gina shi a bangon majami'a. Haka ta Biyu, haka ta Uku, haka ta Huɗu. Sai Sarkin Teku ya kewaye mu wata goma sha ɗaya. Wani la'ananne daga cikinmu ya hau ganuwa ya kife gurasa a kan inda ginin yake da rauni, alama ce tsakaninsa da su. Ta nan suka shigo. Suka rushe majami'a, suka ƙone littattafai, suka kashe maza. Matan da suka rage suka tsinci tubalan da suka samu suka gina wannan tanderu don marayu su ci. Wutar da suka hura ita ce wannan, shekara ɗari biyu ba ta mutu ba, ba kuma za ta mutu a hannuna ba. Tun ranar, daga bishof har mai shara, ba mai juya gurasa. Ta sama ake gutsura. Kin ji ko?"

Na ji, amma hankalina ba ya wurin. A ɗan ƙiftawar nan kafin ta buge hannuna, na ga zane a bayan gurasar, irin na bayan labulenmu, na kuma karanta kalma ɗaya. Rairayi.

Na ce, "Yaya, zanen nan na ƙasan gurasa, mene ne?"

"Ƙafar kaza muke ce masa. Bangon ne ba shi da santsi."

"Rubutu ne."

"Rubutun wa? Ni na ga rubutu a hannun Sila, ba haka yake ba."

"A juye yake, don bangon ne ya buga shi a ƙullu. Yaya, tubalan majami'a ne. Shekara ɗari biyu kuna cin hukuncin majalisa da miya."

Sai na gaya mata komai, tun daga rairayi har bukkoki goma sha uku, na nuna mata igiyar. Ta ƙirga ƙullin da yatsa ta ce, "Tashi."

Akwai gadon kara da suke shanya gurasa a kai, mai tazara tsakanin karan. Na kwanta a ƙarƙashinsa rigingine, ba wadda ta kife komai. Yuwana ta san bangon tanderunta kamar tafin hannunta, ta san daga ina kowace gurasa ta fito. Ta ce tawa daga can ƙasa take, kusa da garwashi, inda ba mai son mannawa. Ta murza ƙullu mai faɗin faifai don ya rufe tubalin duka. Na farko ya zame ya faɗa wuta. Na biyu ya ƙone ƙurmus. A na uku ta zura hannu har kafaɗa, na ji ƙaurin gashin hannunta, ba ta ce wayyo ba. Ta ɗora a kan karan daidai fuskata.

Na karanta, ina yi ina share ido. Layi huɗu ne. Uku na farko suka sa na ce, "Na gode maka, ya Ubangiji." Da na kai na huɗu sai na yi tsit.

Yuwana ta sunkuyo. "Me ya ce?"

Na gaya mata. Sai ta rage murya. "A gefe yake, ko? Gutsure shi. Kowa ya san gefen gurasa yakan ƙone. Ga ki da yunwa ma. Ni ban ji komai ba, ƙafar kaza na gani."

Na kama gefen da yatsa biyu. Yana da taushi, yana da zafi, kwana biyu ban ci abin kirki ba. Na daɗe a haka. Sai na ce ta ba ni wata in ci, wannan ta rufe mini da ƙyalle.

Mata ba sa shiga majalisa, sai masu kai gurasa da tsakar rana. Washegari, da ƙulli goma sha bakwai a ƙuguna, Yuwana ta ɗaura mini farin zane irin nasu, na bi layi. Bishof saba'in a zaune sahu-sahu, ana ta ɗaga murya a kan shaho. A tsakiya akwai shugabansu, Bishof Malkiya, tsoho ƙwarai, ya dafe kai da hannu. Sauran mata suka ajiye faifansu suka juya. Ni na tsaya.

Na ce, "Iyayena, na kawo hukuncin Majalisa ta Uku."

Wani mai jan gemu ya miƙe. "Wa ya ba mace baki a majalisa?"

Bishof Malkiya ya ɗago kai ya ce, "Zauna, ɗan'uwa. Kwana goma sha shida ina jin maza a kan tsuntsu. 'Yata, ina hukuncin?"

"A ƙasan gurasar nan, Baba."

Nan da nan dogarai biyu suka matso. Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta kife, doka ce. Ko kai ba ka da ikon hanawa."

Tsohon ya ce, "Gaskiyarsa, 'yata."

Ban yi wannan tunani tun a waje ba, Allah ne shaida. Matar nan ta gishiri ce ta faɗo mini a rai. Na zare gurasar daga faifai yadda take, na ɗaga ta sama da hannu biyu, iyakar tsawon hannuna, na ɗaga fuska, na karanta daga ƙasa.

"Hukunci na goma sha tara na Majalisa ta Uku. Wanda aka zuba wa rairayi don rashin ruwa, ɗan ikkilisiya ne tun daga ranar, kada a fitar da shi daga ƙofa. In an samu ruwa a zuba masa, ba baftisma ta biyu ba ce, cikon ta fari ce."

Majalisa ta ɗauki hayaniya. Mai jan gemu yana cewa daga kanta take faɗa. Sila magatakarda ya rugo da farantin tagulla mai sheƙi, ya tara a ƙarƙashin gurasar, rubutun ya fito masa a miƙe. Ya bi layin farko da na biyu da yatsa, ya ce, "Haka yake, ranka ya daɗe. Haka yake!" Ya sauke farantin don murna.

Bishof Malkiya ya ce, "Ya isa. Sauke hannunki, 'yata. Sila, rubuta."

Hannuna ya gaji ƙwarai, ina so in sauke. Na ce, "Baba, saura layi ɗaya."

"To, karanta."

"Amma wanda ya zuba rairayin, in ya ga ruwa ya yi shiru bai kai yaron ga firist ba, ya tsaya a bakin ƙofar majami'a shekara bakwai, ba ya cin gurasa mai tsarki ta Jibin Ubangiji, shi ne mai ɗebo wa majami'a ruwa."

Tsohon ya ce, "Wa ya zuba rairayin?"

"Ni ce, Baba."

"Shekara nawa kika yi shiru?"

"Ashirin."

Ya rufe ido. Da ya buɗe ya ce, "Ba ni da ikon rage abin da iyayenmu suka gasa a wuta. Sila, rubuta duka huɗun. Mene ne sunan 'yar taki, a sa a takarda?"

Na ji kunya ta rufe ni a gaban maza saba'in. Na ce, "Afiniki." Karo na biyu ke nan da sunan ya fita daga bakina.

Hatimi ya ci mini yini guda, don sai kowane bishof ya sa hannu. Na fita da ƙulli goma sha shida cif. Yuwana ta cika mini jaka da gurasa, ta ce, "In kin isa garinku ki kife ta son ranki, baƙauya." Bishof Malkiya ya ba ni taguwarsa, wato raƙumarsa, don ba bafataken da zai yarda ya shiga fili a wannan lokaci. A gada na iske duk ɓangarorin biyu sun gama idinsu, ba wanda ya kula ni.

Ni kaɗai na shiga gishiri. Rana ta huɗu na ga sawun taguwa yana cika da ruwa a bayanmu. Rana ta biyar fili ya zama madubi, sama da ƙasa suka haɗe, hanya ta ɓace mini, na yi ta kewaye har rana ta karkata. Sai na hango fararen mutanen nan a tsaye. Na sauka na gaishe su, na tsaya a bayan matar mai jariri, na dubi inda take duba, na bi. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Taguwa ta fara zamewa, na sauka ina janta. Ɗacin ruwan ya tsattsage mini ƙafa, takardar tana ɗaure a kaina a cikin ɗankwali.

Da ƙulli ɗaya a igiya na hango Yalmu. Ruwa ya kai mini gwiwa. Bukkokin sun nutse rabi, mutanen sun hau kan rufin, suna riƙe da yara. A kan ganuwa na ga mutum guda a tsaye, daga baya aka ce mini kwana goma yana nan tun asuba har faɗuwar rana. Malam Tadiyos ne. Na kwance ɗankwali na ɗaga takardar. Bai jira ya karanta ba, hatimin kawai ya hango. Ya sauko da gudu, ya zare sakatar da hannunsa, ya faɗa cikin ruwan da rigarsa, ya goyo gurgun nan a bayansa yana kuka.

'Yata ta sauko daga rufi da ƙyar, ta kama ni. Sai na kwance gefen zanena na miƙa mata kilishin.

Ta ce, "Inna, tun daga ina?"

Na ce, "Ci, na idi ne."

A ranar aka yi musu cikon, a bakin rijiya. Da aka zo kanta Malam ya ce uwa ta faɗi suna. Na faɗa, karo na uku, ban kuma sake ba har yau. Bayan kwana goma sha tara ta haifi ɗiya mace, aka yi mata baftisma da ruwa, ni na ɗebo shi.

Bana shekarata ta biyar a bakin ƙofa. Kowace asuba tulu shida nake kaiwa, sai in tsaya inda aka ce in tsaya. Ƙofar kuwa ta gefen maza take, don haka daga nan fuskar labulen nake gani, abin da ban taɓa gani ba tun haihuwata. Ashe zaren shuɗi ne da ruwan zinariya, mu ƙulle-ƙullen kawai muke kallo. Shekarar farko ko harafi ban iya haɗawa ba. Yanzu na kai layi na tara, saura huɗu, kuma ina da shekara biyu.

Iyakar tafiyata ke nan. Wanda ya ji ya sa mutanen nan na gishiri a addu'a, don ni ban san sunansu ba. Ku tashi, tuluna yana jirana.